Tsamiyar da Ba a Tsinta

Da sunan Allah nake farawa. 'Yan uwa masu bibiyata, na ga saƙonninku. Wasu sun ce na cika taurin kai, wasu kuma sun ce in riƙe Mannir da hannu biyu tunda mijin aure ya yi wuya a wannan zamani. Na ji, na gode. Amma ku bari in ba ku labarin abin da ya faru a kwanakin nan tukuna, sannan kowa ya yanke min hukuncin da ya ga dama.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Baraka, shekarata ashirin da uku. Asalinmu 'yan Yasore ne, amma tun da 'yan bindiga suka hana mu noma muka dawo cikin Batsari, muna haya a gida mai ɗaki biyu. Wata huɗu ke nan da wata ƙungiya ta ɗauke mu, mu 'yan mata goma sha biyu, horon sanin makamar aiki a Safana. Kowacce an ba ta ƙauye guda ta kafa kwamitin mata, ta koyi jan ragamar jama'a. Ni aka ba Unguwar Sammani, can bayan Runka, inda za a haƙa musu rijiyar burtsatse mai sola. Shi kuma Mannir shi ne injiniyan ruwa da ƙungiyar ta ɗauko daga Katsina. A wurin aikin nan muka haɗu, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ina son shi. An sa ranar Juma'ar nan manyansa za su zo gaisuwa gidanmu.

Ranar Litinin ta makon jiya abin ya fara. Na sa atamfata ruwan ganye, na ɗora hijabi ruwan toka, na ɗora falmaran ɗin ƙungiya a kai, wadda ke mai da mutum kamar mai sayar da katin waya. Muka shiga a-kori-kura daga Safana, daga Runka muka hau babura. Mannir yana cikin farin yadi, da hularsa da ya karya ta gefe, ƙamshin turarensa yana biyo ni har kan nawa babur ɗin. Mutumin nan ko rami zai shiga sai ya goge takalmi.

"Ranki ya daɗe shugabar mata," ya ce da muka sauka, "zo ki ga inda na samo miki ruwa."

Ya kai ni gabas da gari, gindin wata tsamiya da mutum huɗu ba za su rungume ta ba. Ya riga ya kafa turke mai jan fenti. Ya buɗe takardunsa yana nuna min layuka masu hawa da sauka, wai na'urar gwaji ta nuna wuri biyu, nan da kuma kusa da masussuka, amma na nan ya fi ruwa nesa ba kusa ba.

"Ga inuwa, ga fili, ga tsabta. Ko kashin akuya babu. Maigari da dattawa sun amince. Sa hannunki kawai ya rage a madadin mata."

Na ce masa wuri ya yi kyau. Amma idona yana ƙasa.

Tsamiya ce a zube, 'yan uwa. Ta nuna, ta faɗo, ta yi shimfiɗa a ƙasa, ta bana a kan ta bara. A wannan shekarar da mata ke sayar da tukunyar girkinsu su sayi kwanon dawa, a shekarar da ake tafiya kasuwar Runka a ƙasa saboda kuɗin babur ya gagara, ga tsamiya buhu-buhu a kwance, babu wadda ta durƙusa ta tsinta. Na duba hagu da dama, babu hanyar ƙafa ko ɗaya da ta ratso wurin. Hanyar da ke zuwa gona ma, tana isowa kusa sai ta yi kwana ta zagaye. Na san irin wannan wurin. A Yasore akwai irinsa, a bayan gidanmu.

Na haɗiye maganata, na tara mata a gidan maigari kamar yadda aka koya mana. Na yi musu bayani da allo da alli, na tambaye su ko sun yarda da wurin.

"Duk inda aka sa alheri ne," in ji ɗaya.

"Allah ya saka," in ji wata.

Babu wadda ta kalle ni. Wanda bai san matan ƙauye ba sai ya rubuta cewa sun amince baki ɗaya, ya koma ofis a yaba masa. Ni kuwa cikinsu na tashi. Na san idan suna son abu, surutu ne zai hana ka jin kanka.

Da aka watse na bi wata tsohuwa, Iya Tasalla, har tsakar gidanta. Tana ɓarar gyaɗa a faifai. Na cire falmaran na ajiye, na zauna a ƙasa, na sa hannu muna ɓara tare. Mun kai rabin faifai muna gaisuwa da tambayar gida.

"Iya," na ce a hankali, "tsamiyar can ta gabas, mai goyo tana ratsawa?"

Hannunta ya tsaya. Ta ɗago ta ƙare min kallo.

"Ke ɗiyar wa ce?"

"'Yar Yasore ce ni."

"Ashe." Ta koma kan gyaɗarta. "To kin sani ke nan. Mai goyo ba ta ratsawa, mai ciki ba ta ratsawa. Can iyayenmu ka yanka tun ba a haihe ni ba. An bari, ɗiyata, an bari tuni, kowa na salla. Amma ƙahwa ba ta tahiya. Aradu ko zuma ka zuba... astagfirullah, wallahi nika nuhi. Ko zuma aka zuba can, ba mai zuwa."

"To me ya hana ku faɗa?"

"Mu hwaɗi a gaban wa? A ce har yau arna muke? Mazanmu ma sun sani, kunya ta hana su. Gara a gina abinsu, mu gode, mu ci gaba da zuwa rahi."

Rafin da take nufi tafiyar awa guda ce, a bakin daji, inda suke tonon yashi su kwashi ruwa. A can aka ɗauke surukarta Gambo da tulunta a ka, wata guda ke nan, har yau babu labari. 'Ya'yan Gambo biyu suna zaune a bakin ƙofa suna kallonmu. Na yi wa Iya sallama na fito.

Da yamma ina ɗakinmu na Safana, na samu caji kaɗan, na rubuta wa Mannir.

"Injiniya, don Allah a mai da rijiyar nan masussuka."

Nan take ya amsa. "Toh fa. Me ya faru shugaba?"

"Mata ba za su je gindin tsamiya ba."

"Ba su suka ce alheri ne ba? Ina waje ina ji."

"Bakinsu ya faɗa. Ƙafarsu ba za ta je ba."

Ya turo fuskar dariya har uku. "Baraka, na'ura ba ta ƙarya. Ki ba ni dalilin da zan iya rubutawa a rahoto, yanzu in canja. Wa ya faɗa miki, kuma me ya ce?"

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Idan na ce Iya Tasalla, na tona wa tsohuwa asiri. Idan na ce ni na gane da kaina, tambayar da za ta biyo baya ita ce ta ina na sani. Mahaifiyarsa Hajiya kuwa, tun wata guda take aiko mutane Batsari suna binciken asalinmu, har liman aka tambaya. Sai na rubuta masa cewa za mu yi magana. Ya turo min hoton shaddar da ya kai ɗinki saboda Juma'a, ruwan sararin sama, ya tambaye ni ko ta yi. Ta yi kyau, kuma na faɗa masa hakan.

Washegari na samu Anti Ruth, shugabarmu a shirin. Ba 'yar nan ba ce, amma macen nan tana da kunne. Ban faɗa mata komai dalla-dalla ba, na dai ce zuciyata ba ta kwanta da wurin ba.

"Baraka," ta ce, tana goge tabarau da bakin gyalenta, "in sa hannu kawai muke so, da dangwale za mu sa su yi mu huta. An kawo ki ne ki jiyo abin da mata ba sa faɗa. Larabar makon gobe za a yi taron ƙarshe. In kina da magana, a can za ki yi ta, a gaban kowa. Ni ba zan iya tayar da turken injiniya saboda zuciyarki ba ta kwanta ba."

Ranar Asabar na tafi gida. Na tarar Inna ta juye gidan gaba ɗaya. An wanke tabarmi an shanya a katanga, an aro kujeru huɗu na roba daga maƙwabta, an shafe bangon zaure da farar ƙasa. Langunan nan masu fure da ba a taɓa ci a cikinsu ba tun muna Yasore, an fito da su an jera. Ta jawo ni ɗaki ta nuna min leshi ruwan hoda da ta karɓo wurin ƙanwarta, wai shi zan sa ko da ba za a gan ni ba.

Muna cin tuwon dawa da miyar kuka a tsakar gida, bakina ya kasa haƙuri, na ba ta labarin tsamiya. Ban san Baba yana zaure yana ji ba.

Bari in gaya muku wane ne Baba. A Yasore sunansa Gagare, ɗan Mani. Ranar da muka sauke kaya a Batsari ya ce wa maƙwabta sunansa Abdulgaffar, kuma ya riƙe sunan da gaske. Sahun farko yake salla, shi ke share masallacin unguwa, azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce shi. Ban taɓa shakkar imaninsa ba. Amma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan mahaifinsa a bakinsa ba.

Ya shigo ya tsaya a kaina, carbi a hannu.

"Me ya kai ki?"

"Baba, aikina ne."

"Aikinki ki sa hannu ki karɓi takardarki. Wa ya aike ki tonon abin da aka binne? Kina buɗe baki za a ce ta ina ta sani. Kwana shida ya rage mutanen nan su zo, Baraka. Mutanen birni ne. Kin san abin da suke kiran irinmu in mun ba da baya."

"Baba, an ɗauke mace a rafi."

"Allah ya kuɓutar da ita. Ke ce gwamnati?"

Inna ta riƙo hannuna a ƙarƙashin zane tana matsawa. "Ki yi wa Allah ki yi shiru, 'yar nan. In an ɗaura, in kin haihu, kowa ya ji abin da zai ji. Yanzu dai ki rufa mana asiri."

Na ce to. Wallahi na ce to, kuma a lokacin har zuciyata nake nufi. Kada ku ɗauka ni jaruma ce. Ina son auren nan, ina son in ga Inna ta yi dariya irin ta da, ina son gidan da ba a jin harbi. Na koma Safana da niyyar in sa hannu in rufe ido.

Laraba ta zo. Na sa baƙar doguwar riga da farin hijabi, na ɗora falmaran, na sa biro a aljihu. A gindin tsamiyar aka shirya taron, don kowa ya ga wurin da idonsa. An jera benci, maigari Sammani yana tsakiya da rawaninsa, dattawa a gefensa, Anti Ruth da Mannir a teburi, mai ɗaukar hoton ƙungiya yana ta zagaye da wayarsa. An shimfiɗa wa mata tabarmi a cikin inuwa, ta ɓangaren hagu.

Da matan suka iso, sai na ga abin da ya warware min niyya. Ba su yi shawara ba, ba su kalli juna ba. Ta gaba ta miƙa hannu daga nesa ta jawo bakin tabarma, ta ja ta waje. Sauran suka yi haka. Suka zauna cikin tsakar rana, daidai inda inuwa ta ƙare, masu goyo sun juya wa bishiyar baya. Rana tana dukan kawunan jarirai, ga inuwa taku biyu a gabansu. 'Ya'yan Gambo suna jikin Iya Tasalla.

Aka yi addu'a, maigari ya yi godiya, Mannir ya yi bayaninsa mai daɗi har aka tafa. Sai ya turo min fom, ya ɗan kashe min ido.

"Wakiliyar mata."

Na miƙe. Na ciro biro. Na kalli matan nan a rana, na mai da biro aljihu.

"Ba zan sa hannu ba."

Murmushin Mannir bai gama sauka daga fuskarsa ba.

"Ranka ya daɗe," na ce wa maigari, na ɗan russuna, "a gafarce ni. In aka haƙa rijiya a nan, mata ba za su ɗiba ba. Rafi za su ci gaba da zuwa. Ku dubi inda suka zauna. Ku dubi tsamiyar da ke ƙarƙashin ƙafarku, a shekara irin wannan."

Wasu dattawan suka sunkuyar da kai. Maigari kuwa fuskarsa ta canja.

"Yarinya, mi kike son ki ce? Kin zo garinmu da rigar ofis ki ce muna arna? Masallaci biyu gare mu. Wace ta hwaɗa miki wannan magana? Ta tashi in gan ta."

Babu wadda ta motsa. Iya Tasalla ta ƙura wa ƙasa ido. Wani daga baya ya ce 'yan boko ke nan, ba su san komai ba sai raina mutane. Na san in na tsaya a nan, an gama: ni ce baƙuwar da ta zagi gari, za a ba maigari haƙuri, a haƙa rijiya a inda aka yi niyya. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma na san abin da za ta jawo min. Na kalli Mannir sau ɗaya, sannan na daina kallonsa.

"Ranka ya daɗe, ba wadda ta faɗa min. Ban zo zagi ba. In akwai wadda za a kira da sunan nan a wurin nan, da ni za a fara. Ni jikar Mani ce ta Yasore. Kakana shi ke yanka baƙin bunsuru a gindin tsamiyar bayan gidanmu kafin a yi shuka, duk ƙasarmu an san shi. Mahaifina a sahun farko yake salla. Ni na sauke Alƙur'ani ina da shekara sha shida. Amma har muka baro Yasore, uwata ba ta taɓa bi ta gindin bishiyar can da goyo ba, kuma ban taɓa jin imaninta ya ragu ba. Abin da aka tashi da shi ne. Ni ban ji kunyar kakana ba, kuma ban ga dalilin da za a bar mata suna zuwa bakin daji don kada a ji kunya ba."

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba. Har tsuntsayen kan bishiyar na ji.

Mannir ne ya fara magana, a hankali, idonsa a kan takarda.

"Ko da haka ne, in muka canja wuri saboda wannan, mun ƙarfafa camfi. Gara a haƙa a nan, a hankali su saba."

"Injiniya," na ce, "wa'azi aikin malamai ne, Allah ya ba su lada, su yi ta yi ko shekara goma ne. Mu ruwa aka aiko mu kawowa. Gambo wata guda ke nan tana daji. Kafin su saba, mata nawa kake ganin za a ƙara ɗauka?"

Kunnuwansa sun yi ja, abin da ban taɓa gani ba.

Sai Iya Tasalla ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta tako har bakin inuwa ta tsaya, yatsun ƙafarta daidai kan iyaka.

"Sammani," ta ce, domin ta girme shi kuma ita ta yi wa uwarsa wankan jego, "ɗiyar nan gaskiya ta hwaɗi. Kai ma ka sani. Uwarka ba ta taɓa zama inda kake zaune ba."

Wata ta yi dariya a cikin mayafi, wata ta kama, sai ga surutu ya ɓarke a cikin mata, irin wanda na ce muku yana hana mutum jin kansa. Anti Ruth ta buga teburi. Ta ce ba sai an yi dogon zance ba: duk wadda za ta ɗebi ruwa a nan ta shigo inuwa, wadda kuma ta fi son masussuka ta nufi can. Babu wadda ta shigo. Suka naɗe tabarminsu, suka ɗora a ka, suka bi hanya a jere. Maigari ya bi su da kallo, sannan ya ce wa dattawa ai dama masussuka ta fi kusa da masallaci.

Mannir ya tashi, ya je ya kama turken nan mai jan fenti, ya girgiza shi ya tumɓuke. Ƙasa ta ɓata masa farin yadi, bai kakkaɓe ba. Ya miƙo min.

"Ga shi, shugaba."

Babu dariya a ciki. A hanyar komawa ya zauna gaba kusa da direba, bai waiwayo ba har Safana.

Yau Alhamis na dawo Batsari da azahar. Labari ya riga ni, domin mutanen Runka sun zo cin kasuwar Batsari, kuma ƙungiya ta sa hoton bidiyon a shafinta tana alfahari da ni. Inna tana zaune a gaban langunanta, ta haɗa kai da gwiwa. Ko sannu da zuwa ba ta ce min ba. Baba ya kira ni zaure. Na durƙusa a bakin tabarma.

"Kin kira sunansa?"

"Na kira, Baba."

"A gaban mutane."

"A gaban mutane."

Ya daɗe yana jan carbi. Na jira mari, ko da yake bai taɓa marina ba.

"Shekara nawa ina gina abu, kin rushe shi da rana tsaka. Yau a masallaci sai da aka waiwayo ana kallona." Muryarsa ta ɗan karye. "Ban yafe ba tukuna, kada ki ɗauka na yafe."

"Na sani, Baba."

Aka kira la'asar. Ya miƙe, ya sa takalmi, ya kai bakin ƙofa. Sai ya tsaya, bai juyo ba.

"Ba baƙi ba ne. Jan bunsuru yake yankawa. Kuma naman, gida-gida yake rabawa, ba ya kai ko tsoka ɗakinsa. In za ki faɗi Mani, ki faɗe shi daidai."

Ya fita. Ni kuwa a nan kukan da na riƙe tun jiya ya ƙwace min, domin yau ce rana ta farko da na ji sunan kakana a bakin ɗansa.

Ina share fuska wayata ta yi ƙara. Mannir ne, saƙonsa na farko tun Laraba.

"Hajiya ta ga bidiyon. Ta ce a dakata da zuwan gobe."

Wani ya biyo baya.

"Abin da ya fi min zafi, a gaban jama'a na ji. Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

A nan yana da gaskiya, kuma ba zan ɓoye muku ba. Na rubuta masa: "Tsoro ne ya hana ni, na ji tsoron rasa ka. Wannan laifina ne, ka yafe min. Amma abin da na faɗa a taro ba laifi ba ne, kuma ko gobe aka sake tara mutane zan maimaita, sai dai in gyara launin bunsuru."

Ya karanta. Ya rubuto: "Hajiya ta ce in za ki fito ki ce kin faɗa ne kawai don ki shawo kan ƙauyawa, za ta iya shawo kan kawunnaina. Kalma ɗaya ce, Baraka. Don Allah."

Na kalli tsakar gida. Tabarmin nan wankakku, kujerun aro, leshin ruwan hoda a kan igiya, Inna da ta ɗago tana kallon wayar hannuna kamar a ciki numfashinta yake. Kalma ɗaya, in mai da Iya Tasalla baƙauyar da aka yi wa wayo, in sake binne mutumin da Baba ya tono yanzun nan. Na rubuta masa, ban goge ko harafi ɗaya ba.

"Ba zan ce ba. Ina son ka, Mannir, Allah ya sani. Amma in za ku zo, gidan jikar Mani za ku zo, ba ni da wani gidan. Jibi Asabar motar haƙa za ta iso masussuka ƙarfe tara, ni zan nuna musu wuri. Kai ne injiniya, a can za ka same ni."

Alama biyu suka yi shuɗi. Na ga yana rubutu. Ya tsaya. Ya sake farawa, ya sake tsayawa.

"Me ya ce?" in ji Inna.

"Bai ce ba tukuna."

"To kujerun fa? In mayar wa masu su?"

Na ajiye wayar a kan turmi, fuskarta a ƙasa. Na ɗauko falmaran ɗina daga jaka, duk ta yi ƙura da jan fentin turke, na jawo bokiti.

"Ki bar su zuwa gobe, Inna. In ba su zo ba, ni zan mayar da kaina, da rana, ta babbar hanya."